Tukunya Mai Lamba Huɗu

Rediyona na rataye a ƙusa, saman zugazugi,
eriyarsa waya ce da na kwance daga matacciyar fanka.
Ƙarfe bakwai ya ce farashi ya sauko.
Na ajiye awartaki, na ƙara murya
ko zai faɗi kasuwar da ya sauka
in aiki Tanimu da gudu kafin ya sake hawa.
Bai faɗa ba. Ya wuce labarin ƙwallo.

Shekara ashirin da shida ina zuba tukwane a Panteka.
Ban yi nisa a boko ba, amma ina da nawa alƙaluman.
Da, mai lamba ashirin ake saye,
ta gidan da ake tuƙa tuwo har maƙwabci ya samu malmala.
Aka dawo sha biyu. Aka dawo takwas.
Bana mai lamba huɗu ce ke tafiya,
ita ma sai an taya, an tafi, an dawo, an sake tayawa.
Ba mutanen gidan ne suka ragu ba.
Na sani, ina zuwa sunan 'ya'yansu.

Jiya da la'asar Gwaggo Lantana ta zo daga Unguwar Sanusi,
a ƙafa, don kuɗin keke ya fi ƙarfin lalitarta,
tukunya bisa kai, lulluɓe da zani
kamar abin kunya.
Tun ba ta sauke ba na gane aikina:
ga kunnen da ya ɗan karkace,
na zuba ta lokacin mijinta na ɗaukar albashi a masaƙar Kakuri.
Ta ce, a auna.
Na ce, Gwaggo, ai ba ta yoyo.
Ta ce, abin da ba a zuba wa komai ina zai yi yoyo?
Kilo bakwai da ɗoriya.
Na ƙirga mata, ta ƙulle a bakin mayafi,
ta ce, nawa mudun masara yau a Kasuwar Barci?
Na yi kamar hayaƙi ya shigar min ido.

Rediyo ya ce a ƙara haƙuri, gyara ake yi.
Ban ƙi gyara ba, ni ma da shi nake ci.
Sai dai in na karɓi tukunyar mutum zan gyara
nakan ba shi aron wata ya dafa na dare.

Yohanna mai walda, rumfarsa na jikin tawa,
kwana uku ba wuta, janareta kuwa ya fi iyalinsa ci.
Sai ya zauna yana karanta mana labarai a waya:
an ciyo bashi, ya bi sifirin da yatsa har ya ɓace masa,
an kafa kwamiti, an yi Allah-wadai,
an tare wata hanya, an jajanta.
Datarsa ta ƙare ana tsakiyar alkawari.
Muka raba rake guda, ni gindi, shi kai.

Da dare Hansai ta ce, me suka ce yau?
Na ce, wai sauƙi na tafe.
Ta ce, ta Kawo zai shigo ko ta Mando, in je in taro shi?
Yara suka kwashe da dariya,
har da wadda aka koro saboda kuɗin jarrabawa.

Yau da asuba na hura wuta.
Tukunyar Gwaggo za ta ba ni ƙanana biyar, na lissafa tun a kwance.
Na ɗaga guduma, na duba kunnen nan,
na tura ta bayan buhun gawayi.
Tanimu ya ce, maigida, wuta na ci a banza.
Na ce, fara da gwangwanaye.
Ban san iya kwanan da zan ɓoye ta ba,
mai rumfa na zuwa ƙarshen wata.

Muryar rediyo ta fara shaƙewa, batir ya yi sanyi.
Sabo guda biyu, kuɗin kokon yara ne.
Na miƙa hannu na kashe,
na ce wa Tanimu, zuga.