Wayoyin Cikin Bango

Sana'ata wuta ce. A Jekadafari
in an kira ni gidan da ba ni na ja wa waya ba,
ba na fasa bango.
Fis ɗaya nake zarewa, in tsaya in kasa kunne:
wane ɗaki zai yi duhu, wace fanka za ta tsaya.
Da abin da ya mutu nake karanta gidan.

Ran Talata babur ya kayar da Bappa Hammayo
a gangaren Tashar Dukku.
Gefen kansa na hagu ya sami kwalta.
Kwana tara, sannan ya buɗe ido.

Likita Lamela ta nuna masa cokali.
Ya kai hannu baki kamar mai shan kunu,
sunan ya ƙi zuwa.
Ta nuna masa almakashi,
shi da ya shekara arba'in yana ɗinki a Herwagana.
Yatsu biyu suka buɗe, suka rufe,
baki ya ce: "wannan… abin nan… na wannan."
Sai ya ja tsaki. Tsakin bai ɓace ba.

Da aka kira magariba kuwa
ya ja Fatiha tiryan-tiryan, ko wasali bai zube ba.
Ya ƙirga go'o, ɗiɗi, tati, da Fillancin kakarsa,
Hausar da ya ci kasuwa da ita tana wani ɗaki, a kulle.
Sunana ya ɓace masa. Ni ban ɓace ba:
ya murɗe mini kunne kamar ina ɗan shekara bakwai.

Ashe kan mutum ba zaure ɗaya ba ne.
Suna da layinsa, hannu da nasa,
salla daga wata mita take sha.

Na gaya wa likita haka, ina jin kaina gwani.
Ta ce, "Sannu dai, mai wuta.
In ka zare fis, rediyo ta yi shiru,
a cikin fis ɗin mai labarai yake zaune?"

Har yau ban ba ta amsa ba.

Da yamma ina shimfiɗa masa yadi, in miƙa alli.
Yana fitar da wuyan riga, ba ya kuskure.
Ina kiran sunan kowane abu a hankali,
kamar mai taɓa waya da bayan hannu
ko da sauran wuta.

Jiya ya ɗaga allura, ya daɗe yana kallonta,
ya ce, "Zare."
Ba ita ba ce.
Amma katangarsu ɗaya.