Ɗakin Baya na Hajiya Tasalla

Bayan la'asar Hajiya Tasalla ta same ni,
ina wanke hannu, layin marasa lafiya ya ƙare.
Ta ce, Dakta Wasila, ɗakin baya na nan a share,
tsakanin na'urar busar da gashi da teburin lalle.
Asabar kawai. Ki zo da allurarki,
ni in kawo fuskoki.
Sittin naki, arba'in nawa.

Na ce bari in kwana da zancen.

Daga Ƙofar Ƙaura zuwa Rafin Daɗi
lissafi yana narkewa a bakina kamar alewar madara:
Asabar huɗu sun doke albashin wata,
ga kuɗin makarantar Mu'azzam,
ga rufin ɗakin Inna da ke yoyo tun bara.

Da dare na kira Barista Lurwanu, ɗan kawuna,
wanda ko goro ka ba shi sai ya nemi shaida.
Ya ce, lasisin wa za a rataye a bango?
Na ce nawa.
Ya ce, shagon fa? Rajistar kitso gare shi ko ta jini?
Na yi shiru.
Ya ce, ran da fuska ta kumbura
alƙali ba ya neman mai kitso.
A riba Hajiya na da arba'in,
a laifi naki ɗari ne cif.

Washegari na je na dubi ɗakin da idon aiki.
Firji ɗaya ne: zoɓo a sama, kwalaben magani a ƙasa,
wuta kuwa ta tafi tun hantsi.
Ga kwali ba lamba, ba ranar lalacewa,
wai tsarabar wata ce daga Dubai.
Na tambayi inda za a zubar da allura,
aka nuna mini kwandon gashi,
wanda yara ke tonawa a bayan katanga.

Wata ma'aikaciyar banki, kanta rabi a tsefe,
ta shafa layin da shekaru suka ja a goshinta,
ta ce, Dakta, ba zafi ko?
Ba wanda ya tambaye ta ko tana da ciki,
ko jikinta ya taɓa ƙin wani magani.
Na auna nisan ƙofar nan da asibiti
da numfashin mace in maƙogwaro ya toshe.
Bai kai ba.

Sai na ɗauki biro na rubuta:
ɗaki mai ƙofa da famfo,
firji na magani kaɗai, da sola,
maganin gaggawa a kusa da hannu,
takardar yarda da Hausa, a karanta kafin a sa hannu,
inshora, izinin hukuma,
kuma in na ce a'a, kada a ce ai ta biya.

Hajiya ta karanta har sau biyu, ta cire tabarau.
Ta ce, Dakta, ai asibiti kike so in gina.
Na ce, allura ba ta karanta allon shago,
nama kawai ta sani.

Takardar na nan ƙarƙashin kwanon lalle,
gefenta ya fara ja.
Jiya an yi ruwa a Katsina.
Na sa wa Inna roba biyu a tsakar ɗaki,
na kwanta ina jin ɗigon,
ina ƙirga shi sittin, arba'in,
har barci ya ɗauke ni.