Layi Tara

Ranar da na fara aiki a Garwa
Hamajoda ya miƙo min biron da wani ya tauna wa kai
da littafin da rabinsa lissafin bashin mai shayi ne.
Ya ce, "Ruga gada. Dorina ta kifar da kwalekwale.
Adadi nake so, yaro,
ka bar musu hawayen a can."

Sefa ɗari biyu na ba mai mashin,
kuɗin abincina na rana ke nan.

Binuwai ya cika ya batse, ruwan Agusta,
jawur kamar an dama kunun kanwa.
Jandarma ya ce da Faransanci, mutum ɗaya.
Mai tallan kifi ta ce da Fulatanci, mutumin kirki.
Sauran kuwa da Hausa aka ba ni,
a gindin giginya, inda ake ɗinkin koma:
sunansa Ilu Maigora,
gurgun yatsa ne a hannun hagu,
ba ya cin kifin da ya kama da kansa,
wai ai sun riga sun haɗa ido.
Ya bar butar shayi kan garwashi
ya ce kada a sauke, yanzu zai dawo.
Na ga butar. Ta ƙone ƙurmus.
An rasa mai ƙarfin halin taɓa ta.

Shafi uku na rubuta a daren nan,
sauro na cin ƙafata, ina jin kaina wani.
Da safe jan biro ya bi ta kai
kamar wanzami a kan ɗan yaye.
Butar ta tafi. Yatsan ya tafi.
Ran Laraba na buɗe shafi na shida,
ƙarƙashin tallan siminti:
layi tara.
"Wani masunci ya rasu a kogi."
Sunana a ƙasa, da manyan baƙaƙe.
Ba zan ɓoye ba, na sayi uku,
na aika wa babata ɗaya Gidar.

Ran Asabar wata tsohuwa ta hawo matakalarmu
tana hutawa a kowace ta uku.
Ta ciro takarda daga bakin zane,
duk maiƙo, an taɓa ƙunshe tsire a ciki.
Jikanta ne ya karanta mata, ya fassara.
Ta shimfiɗa a teburina, ta goge da tafin hannu.
"Kai ne ka zo bakin ruwa da tambaya?
To nuna min inda Ilu yake."

Na bi layin da yatsa.
Na sake bi.
Fanka na juyi, tana kuka kamar ƙofar kara.

Ta ce, "Wani?
Wata tara na ɗauke shi a cikina,
layi tara sun kasa ɗaukar sunansa?"

Hamajoda bai ɗago ba.
Ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa
da gefen riga, alhali ba datti.
Da ta sauka ya ce, ba tare da ya dube ni ba,
"Akwai gurbi a shafi na biyu.
Layi ɗaya. Ka tabbatar da baƙaƙen."

Ilu Maigora, ɗan Iya Talatuwa, mazaunin Yelwa.
Iyakar abin ke nan.
Ta zo da kuɗinta a ƙulle, na ce ta bar shi, ta ƙi.
Ta sa na ɗora yatsanta a kan wurin,
ta riƙe, leɓenta na motsi.

Shekarata huɗu yanzu.
Na rubuta gwamna, na rubuta auduga, na rubuta kwalara.
Biron nan ya daɗe da bushewa
amma yana aljihuna.
In na bi ta gada da yamma
dorinar na nan, kunnuwa biyu a kan ruwa,
ita dai ba wanda ya je jin ta bakinta.