Biyar a Ƙasan Shafi

Ran Alhamis ta Agusta na karɓo ambulan,
ana yayyafi a kan rufin masana'antar kifi.
Takwas a ilimin halittu,
bakwai a sinadarai, bakwai a fiziks.
Lissafi, biyar.
Ta zauna a ƙasan shafi
kamar baƙon da ba a gayyata ba, ya kuma miƙe ƙafa.

A kwalejin Grimsby, Malama Hesketh ta juya takardar sau biyu.
"Tamsin, shida muke nema.
Fiziks ɗin da ke gabanki ba hirar taurari ba ne,
lissafi ne ya sauya riga."
Na ce, ki ba ni zuwa Kirsimeti.
Ta leƙo ni ta saman tabarau, ta daɗe,
sannan ta ce, "Zuwa Kirsimeti."

An ce Juma'ar da za ta yi kyau
tun daga Laraba ake gane ta.
Larabata ta zo da talatin da ɗaya cikin tamanin,
da jan biro har bayan takarda.

Ba hannuna ne matsalar ba.
A ɗakin gwaje-gwaje ni ke sakin ruwa ɗigo ɗigo
har kwalba ta yi ruwan hoda, ta tsaya cak.
Idona bai taɓa yi mini ƙarya ba.
Amma in na zauna auna abin da na gani,
sai wani ɗigon, na cikin lambobi,
ya zame gida ɗaya ba sallama,
amsa ta ninka goma.
Rafferty na gefena ya riga ya rufe biro,
yana hamma, yana kallon agogo.

A bas mai lamba uku nake kukana,
ta kujerar baya, inda tagar ke yin raɓa.

Wani dare kakana Wilf ya leƙo littafina.
Shi da ya bar makaranta yana sha huɗu,
ya ba teku shekara talatin da yatsu biyu.
Ya ga layin nan mai hawa da gangara,
ya ce, "Wa ya zana muku ruwa?"
Na ce ba ruwa ba ne, Kaka.
Ya ce, "Ruwa ne."

Ya jawo tsohon kundinsa mai warin man jirgi.
"Ki raba cikar teku gida goma sha biyu.
Awa ta farko, ɗaya take ba ki.
Ta biyu, biyu.
Ta uku da ta huɗu, uku uku, nan take gudu,
nan take cin wanda ya yi sake.
Sai biyu. Sai ɗaya. Sai ta huta."
Ya buga tebur da yatsun da suka rage.
Ni kuwa ina kallon abin da ya kayar da ni sau huɗu
yana numfashi a bakin tashar jiragenmu.

Ba zan ce daren ya warkar da ni ba.
Aljabara ba ta san kakana ba,
washegari ma ta ci ni.
Sai dai na daina ganin lambobi kamar 'yan sanda.

Disamba: arba'in da shida.
Malama Hesketh ba ta yi murmushi ba.
"Ki dawo Janairu.
Talata ƙarfe huɗu akwai ƙarin darasi, ɗaki na tara,
kada in neme ki."

Biyar ɗin tana nan, ba ta gogu ba,
Mama ta liƙa ta jikin firji da sauran.
Yau na sauka bas kafin unguwarmu,
na tsaya kan gada, sanyi na yankan kunne.
Ruwa na awarsa ta farko,
ɗaya cikin goma sha biyu.
Wanda bai sani ba
zai rantse a tsaye yake.