Daga Kan Tsani

Shekara talatin da bakwai ina kan tsani,
kai kana ƙasa, Orest, cikin zoben hasken da nake jefo maka.
Jama'a sun san fuskarka. Ni ƙeyarka na sani,
da yadda sanƙo ya ci ta sannu-sannu, cin gara.

Ka ce a gonar alkama aka haife ka, kusa da Yorkton,
inda ƙasa ke shimfiɗe kamar faifai
har ido ya gaji bai ci karo da tudu ba.
Tsoho Dubyk ya so ka gaji tarakta.
Kai kuwa sai ka shige garke, ka ɗora bokiti a ka,
kana yi wa shanu sarauta.
Ba su taɓa tafa maka ba, ka ce,
amma ba wadda ta taɓa fita ana tsakar wasa.

A Winnipeg muka haɗu,
cikin hunturun da ke daskarar da gashin hanci.
Gawa aka ba ka. Minti ashirin a kwance,
a na sha tara ka yi atishawa.
Na kashe fitila don in rufa maka asiri.
Tun daga ranar kake bina da kofin gahawa,
ni ma ban taɓa cewa bashin ya biyu ba.

Sai Toronto. Baƙi daga kudu suka zo da kyamarori,
suka sauya wa tituna suna, suka ce garinsu ne.
Ka yi ɗan sanda sau goma sha huɗu,
ka yi likita, ka yi mai buɗe ƙofar otal.
Maganarka ɗaya: "Ta nan, yallaɓai."
Da ita ka biya haya, da ita ka sayi takalmin Halyna.
Da suka ce ka bi su, ka bi su.
Wata takwas ka dawo, rana ta gasa maka wuya.
"Garin da ƙanƙara ba ta sauka," in ji ka,
"da me mutum zai ƙirga shekarunsa?"

Da ka koma bayan kyamara ka zama ɗan gidan wuya.
Sau arba'in da ɗaya ka sa Ghislaine ta buɗe ƙofa guda.
Ta cire takalmi ta jefe ka.
Na arba'in da biyu ta buɗe hannunta na rawa,
shi ka ɗauka.
Fim ne a kan rumbun hatsin da za a rushe a bakin layin dogo.
Ka jinginar da gida dominsa. Halyna ta tafi wurin 'yar uwarta.
Mutanen da suka kalla ba su cika coci biyu ba.
Mahaifiyarka ta zauna a layin gaba da jakarta a cinya,
da aka gama ta ce: "Waccan ba alkama ba ce. Sha'ir ne."
Kuma sha'ir ɗin ne.

Daren ƙarshe, a Regina,
ka buɗe baki, magana ta ƙi zuwa.
Na ga hannunka yana lalube a iska.
Na rage haske kaɗan, na ƙara ragewa,
har duhu ya iso kafaɗarka.
Suka zaci shiri ne. Suka miƙe tsaye suna tafi.

Yanzu ranar Talata nake zuwa, da gahawa biyu.
Ba ka san sunana ba. Wani lokaci Petro kake kirana,
ban san ko wane ne ba, ina amsawa.
Amma da la'asar, in rana ta ratso labule
ta zana zobe a kan dabe,
sai ka tura kekenka, taki ɗaya hagu, rabin taki baya,
ka ɗaga haɓa.

Daidai wurin, Orest.
Kada ka motsa.