Kwali Shida da Kaset Ɗaya

Ƙarfe uku na rana duhu ya rufe Tampere,
tafki ya daskare, taga tana gumi.
Sirkku ta tsaya bakin ƙofa, hannu bisa cikinta:
"Veikko, gadon jariri ba zai hau kan faya-fayanka ba."
Na ce to.
Na roƙo kwali shida a kantin ƙasan bene,
na ɗauko alƙalami mai kauri
da shayin da ya huce tun ban fara ba.

Wasanni ɗari biyu da goma sha ɗaya.
Na ƙirga sau biyu, na biyun don kunya.

Da fari na bi hanyar masu hankali:
na tsere nan, na faɗa can, na wasa ƙwaƙwalwa a gefe.
Sai wani ya ƙi zama ko'ina.
Ana noma a cikinsa, ana sare dodo,
daga ƙarshe har aure ake ɗaurawa.
Na juya shi ciki da baya kamar mai cinikin kaza,
na rushe tsarin duka.

Na sake rubutu, wannan karon da gaskiya.
Kwali na ɗaya: Na saya don an karya farashi.
Ko ledarsu ban ɓare ba,
araha ta ci mini kuɗin da tsada ba ta ci ba.
Na biyu: Dodon ƙarshe ya fi ƙarfina.
Na uku: Na yi wa Rauno ƙaryar na gama.
Na huɗu na shekarun tuƙin dare ne,
in ajiye taragon lantarki ƙarfe ɗaya,
in zo gida in kama tuƙin wata motar a allo,
wadda ba fasinja, ba mai tambayar canji,
ba tsohuwar da za ta ce na taka birki da mugunta.
Na biyar: Sai na yi ritaya.
Sirkku ta karanta, dariya ta sa ta dafa bango:
"Shekararka talatin da huɗu fa!"
Na shida na sayarwa ne.
Ya daɗe yana hamma, ba wanda ya shiga.

Can ƙasan kanta, bayan wayoyin da suka cuɗe kamar taliya,
ga wata kaset mai ruwan toka, takardarta ta ɗaye.
Na hura mata iska yadda muke yi muna yara,
na jona tsohuwar na'urar da na kwaso gidanmu
ban taɓa kunnawa ba.
Allo ya yi tari, ya kawo jerin gwanaye:
VEI, VEI, VEI, har sau tara,
a samansu duka, TAU.

Tauno. Mahaifina.
Mai walda, yatsu kamar guduma,
mai cewa wasan nan ɓarnar wuta ne kawai.
Ashe da na tafi aikin soja
shi ya gaji kujerata a gaban talabijin,
dare nawa, oho,
yana harbin taurari da tabarau a karan hanci
har ya tsallake ni da maki dubu huɗu.
Bai taɓa faɗa ba.
Shekara takwas ke nan yana ƙarƙashin ƙanƙara,
batir ɗan mitsitsi kamar kwabo ke riƙe da sunansa,
batir kuwa ba ya yi wa kowa alkawari.

Na zauna a ƙasa na kama madannai.
Hannu bai manta ba.
Mataki na biyar, na takwas, maki na hawa,
saura ɗari uku in kamo shi
sai na ɗage yatsuna.
Jirgin ya tafi shi kaɗai, ya daki dutse.

Sirkku ta kawo burodin hatsi da man shanu,
ta dubi kwalaye, ta dubi abin da ke cinyata.
"Wannan kuma wane rukuni?"
Na ce ban samo masa suna ba tukuna.
Ta matsar da kayan jariri a kantar sama,
ta bar wuri daidai faɗin tafin hannu.