Littafin Rahoto

Wata shida aka ba ni a asibitin Yauri,
da takarda mai hatimin jami'a,
da littafin rahoto mai gurbi huɗu:
kwanan wata, abin da na gani, abin da na yi,
sa hannun mai duba ni.

Ofishin jin daɗin jama'a na bayan ɗakin magani,
fanka ɗaya, ita ma sai ta ga dama.
Hajiya Tsahara ta dubi takardata sama-sama,
ta ce, "Digiri na biyu? Madalla.
Ka iya zaman tabarma?"

Na zo da sunayen masana cike da baki,
matakan tattaunawa bakwai duk na haddace.
Ran Laraba aka kawo Baba Gado daga tsallaken Kwara,
ƙafa a kumbure, ba kuɗin aiki,
jirgin da ya kife bara ya tafi da ɗansa da komarsa.
Na buɗe fom, na ce, "Sana'a?"
Ya ce, "Da ruwa nake, yanzu mun ɓata."
Na nemi gurbin da zan sa wannan, ban samu ba.

Tambaya ta biyu, ya dubi bango.
Ta uku, ya dubi takalmina.
Hajiya ta zare biro daga hannuna
kamar mai karɓe wuƙa a hannun yaro,
ta zauna ƙasa, ta tambaye shi kuɗin giwan ruwa bana.
Sa'a guda suna kan kifi,
tarwaɗa, ragon ruwa, wanda ke kamuwa da wanda ya ƙi.
Can, ba wanda ya tambaye shi,
ya ce, "Nomau sunansa."

Washegari na shiga kwalekwale, ni da ban iya iyo ba,
na riƙe katako har yatsuna suka sage,
neman ƙanwarsa, neman sarkin ruwa,
neman duk wanda zai ce na san shi.
Dubu uku nan, dubu ɗaya can,
wata tsohuwa ta kwance bakin zane ta ba da ɗari biyu.
Kati ya ƙare a wayata kafin la'asar.

Ran Juma'a, a gurbin abin da na yi,
na daɗe biro na tsaye.
Na rubuta: "Na yi shiru, ya yi magana."
Hajiya ta karanta, ba ta ce komai ba,
ta sa hannu.

Da aka sallame shi ya dawo yana ɗingishi,
da banda uku a ƙunshin jarida.
Ƙa'idar aiki ta ce kar a karɓi kyauta.
Hajiya ta ce, "Mayar masa, ka sake karya shi.
Karɓi, mu kai wa masu jinya."

A jakata na ɗauka, tare da littafin.
Yau yana kan teburin Farfesa,
yana juya shafi, yana shanshana iska,
yana tambayar ɗakin me ke ƙauri.